Kwalbar Yawu da Ciwon Mantuwa: Abin da Gwajin DNA na 23andMe ke Iya Faɗa wa Tsohon Damagaram

Kwalin ƙarami ne, hannu ɗaya ke ɗaukarsa. A ciki akwai ƴar kwalbar roba mai tsawon yatsa da mazurari a bakinta. Murfin mazurarin na ɗauke da ruwan da ke hana DNA, wato sinadarin gado na jiki, lalacewa, sai ƙaramin murfi na biyu, da ledar sakawa, da takardar umarni. Ba kayan farmasi ba ne a Zinder. Cikin jakar ɗa ko jika yake shigowa, wanda ke zaune Amurka ko Kanada, bayan an faɗa masa a waya cewa Baba ya fara yin tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, ko Inna ta bar tukunya kan wuta ta tafi barka. Niyyar mai kawowa kyakkyawa ce. Abin dubawa shi ne ko kayan na amsa tambayar da aka sayo shi dominta.

Gwajin na kamfanin 23andMe ne, sashensa na lafiya, kuma cikin rahotannin da yake bayarwa ɗaya kaɗai muka ɗora a sikeli: na cutar Alzheimer mai zuwa bayan shekara 65, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan da ake haɗawa a kira ciwon mantuwa ko gigin tsufa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba kamfanin izinin sayar da wannan rahoto kai tsaye ga jama'a a watan Afrilun 2017. Kuɗinsa wajen dalar Amurka 200 ne, wato ya haura jika 100 na sefa tun ba a yi maganar aikawa ba. A Amurka da Kanada da Birtaniya da wasu ƴan ƙasashen arewacin Turai ake sayar da sashen lafiyar. Nijar ba ta ciki, don haka dole kwalbar ta koma tare da wanda ya kawo ta. Masu ƴan uwa a Faransa su lura, dokar can ta hana irin wannan gwaji in ba da umarnin likita ko alƙali ba, kuma tarar mai saye yuro 3,750 ce.

Ɗaukar yawun ba wuya a takarda, a aikace ne ake shan fama. Ana so mutum ya yi minti 30 bai ci ba, bai sha ba, bai yi asuwaki ba, bai taɓa taba ba. A nan sai a ƙara da goro, domin tsohon da ya saba ajiye ɓarin goro a kumatu ba ya lissafa shi cikin ci, kuma tukarsa kwalbar za ta bi. Ana tofawa har yawun ya kai layin da aka zana, wajen mililita 2, kumfa kuma ba ta cikin lissafi. Kuskuren da ke saurin faruwa ke nan: a ga kumfa ta kai layi a rufe, alhali ruwan da ke ƙasa bai kai rabi ba. Daga nan a danna murfin mazurarin har ya yi ƙas ruwan ya zuba ciki, a kwance mazurarin, a ɗaura ƙaramin murfi, a girgiza na daƙiƙa 5. Lambar da ke jikin kwalbar sai an yi rajistarta a intanet kafin a aika, in ba haka ba labo, wato ɗakin gwaji, ba zai san ta wane ne ba.

Bakin tsofaffi kan bushe, balle cikin hunturu, balle mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. DNA ɗin kuwa daga fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin fatar cikin kumatu masu yawo cikin yawun ake samunsa, don haka idan aka yi ta kurkure baki da ruwa don a samu abin tofawa, an wanke abin da ake nema. Murza kumatu daga waje na ɗan lokaci ya fi. Kafin amfani kwalbar na son wuri mai sanyi-sanyi, ba ɗakin kwano na watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba. Bayan an gauraya da ruwan adanawa ta fi jure hanya. Idan DNA bai isa ba labo kan nemi a sake, abin da ga mazaunin Amurka aika wasiƙa ne kawai, ga mutumin unguwar Birni a Zinder kuwa jiran zuwan ɗa na baɗi.

Labo ba ya karanta DNA duka, mai harafi wajen biliyan 3. Wani ɗan allo ake amfani da shi mai duba gurbi wajen 600,000 da aka riga aka zaɓa. Rahoton Alzheimer kuwa a kan ƙwayar gado guda ya tsaya, APOE, da ke kan kuromozom (ƙunshin DNA) na 19. Iri uku take zuwa, e2 da e3 da e4, kowa na gadon ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Abin da rahoton zai ce shi ne ba ka da e4, irin da ake alaƙantawa da cutar, ko kana da ɗaya, ko biyu. A wannan aiki na karanta harafi ba mu da ƙorafi. Idan ya ce e4 ɗaya, kusan tabbas haka ne. Ba ya duba APP da PSEN1 da PSEN2, ƙwayoyin nan uku da ke sa cutar ta bi gida ta kama mutane tun suna ƴan 40 ko 50, waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Gidan da aka ga haka a cikinsa, wannan kwalba ba tasu ba ce. Kuma ba ya cewa mutum na da ciwon ko ba shi da shi. Tsohon da ya riga ya fara rikicewa, sakamakon ba zai gaya wa ƴaƴansa abin da ke damunsa ba.

Daga lambar da ake rataya wa harafin ne matsala ke tasowa.

A Jami'ar Duke ta Amurka aka gano alaƙar e4 da Alzheimer a 1993. A 1997 aka tattara bincike da dama wuri guda aka raba mutanen bisa asali. Cikin Turawa, mai e3 da e4 haɗarinsa ya ninka na mai e3 biyu sau 3.2, mai e4 biyu kuma sau 14.9. Cikin Japanawa 5.6 da 33.1. Cikin baƙaƙen Amurka 1.1 da 5.7. Harafin bai canja ba, nauyinsa ne ya bambanta daga jama'a zuwa jama'a. Wani lissafi na 2011 da aka yi kan Turawa ya ce zuwa shekara 85 mai e4 biyu yana da yiwuwar kamuwa kashi 51 cikin 100 in namiji ne, 60 in mace ce. Mai e3 da e4, kashi 23 da 30. Jama'a gaba ɗaya, 11 da 14. Irin waɗannan lambobi ake nuna wa mai saye, kuma a yi adalci, kamfanin ya rubuta cewa kan Turawa aka fi nazarin abin. Sai dai ɗan da ya buɗe waya ya ga 51 kusa da sunan mahaifinsa, ba ƙaramin rubutun ƙasa zai fara karantawa ba.

Binciken da ya fi kusa da mu a Ibadan aka yi shi. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, cikinsu Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana, suka bi gida-gida a unguwar Idikan suka ɗauki tsofaffin Yarabawa wajen 2,500 masu shekara 65 zuwa sama, suka gwama su da baƙaƙen Amurka wajen 2,200 a birnin Indiyanafolis, da tambayoyi iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya. Ƙarfin binciken ke nan: ba su jira mara lafiya ya zo asibiti ba. Sakamakon 1995 ya nuna masu ciwon mantuwa kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, 8.24 a Indiyanafolis idan an haɗa da mazauna gidajen kula da tsofaffi. Na 2001, wanda ya ƙirga sababbin kamuwa a shekara, ya ba da 1.35 da 3.24. Kuma e4 ba ƙaranci ta yi a Ibadan ba, ta ma fi yawa a can fiye da cikin Turawa. Duk da haka a 1995, da kuma 2006, masu binciken ba su ga alaƙa tsakaninta da cutar ba.

Nan ne wasu ke tsayawa su ce e4 ba ta cin baƙar fata. Gaggawa ce. A rahoton 2006 masu Alzheimer 123 ne kacal. Idan e4 na wajen kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin APOE a jama'a, masu gadonta ta ɓangare biyu ba za su wuce mutum 4 cikin 100 ba, wato cikin 123 ana maganar ƴan tsiraru da za a ƙirga da yatsu. Da irin wannan adadi, ko akwai alaƙa ba lallai ta bayyana ba. Da aka ƙara shekaru ana bin mutanen aka ƙara adadi, rahoton 2014 ya ce cikin Yarabawa e4 biyu na ƙara haɗari, e4 ɗaya kuwa ba a ga ta ƙara ba, alhali cikin baƙaƙen Amurka duka biyun sun ƙara. Ba jinin Yarabawa ne ya sauya tsakanin 2006 da 2014 ba, girman binciken ne da tsawonsa.

Wani ɓangare na dalilin raunin e4 ya fito daga baya. Masu bincike a Jami'ar Mayami sun nuna a 2018 cewa ba harafin kaɗai ake dubawa ba, har da maƙwabtansa a kan kuromozom: e4 da ke zaune cikin yankin DNA mai asalin Afirka ba ta kai cutarwar wadda ke cikin yanki mai asalin Turai ba, ko da a cikin jama'a ɗaya. A 2022 suka gano wani gurbi, rs10423769, mai nisan harafi wajen miliyan 2 daga APOE, wanda kusan ga masu asalin Afirka kaɗai ake samun sauyinsa, kuma yake rage haɗarin mai e4 biyu da wajen kashi uku cikin huɗu. Rahoton da ke cikin waya ƙirga e4 kawai yake yi, wannan maƙwabci ba ya cikin lissafinsa.

Ibadan ma ba Zinder ba ce. Afirka ta fi kowace nahiya bambancin DNA, har wani nazari na 2020 kan mutum 426 daga ƙabilu 50 ya fito da sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Garin da Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa suka yi ƙarni suna auratayya a cikinsa, ba za a ɗauko lambar Idikan a manna masa kai tsaye ba, balle ta Turai.

A ajiye maganar asali gefe. Ko cikin Turawan, yadda aka tsara binciken na karkatar da abin da ya fito, kuma wannan ba a rubuta shi a jikin kwali.

Na farko, wa ake kira mara lafiya. Yawancin bincike da ganewar likita yake aiki, ba da abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba. Wani nazari na 2012 a Amurka ya gwama abin da ƙwararrun asibitocin mantuwa suka faɗa da abin da aka tarar a ƙwaƙwalwa bayan mutuwa. Cikin masu Alzheimer na gaske an gano kashi 71 zuwa 87 cikin 100, amma cikin waɗanda wani ciwon ne ya ruɗa su, kashi 44 zuwa 71 kawai aka iya warewa daidai. Ke nan jerin "masu Alzheimer" gauraye yake da masu toshewar jijiyoyin jini da wasu cututtukan. Sai kuma wa ake kira lafiyayye. Ɗan shekara 66 da aka sa cikin masu lafiya yau, ƙila a shekara 80 shi ne mara lafiyar. Duk wannan gauraya raunana alaƙar gaske take yi, ko ta jawo ƙwayoyin wata cuta daban su shigo jerin da sunan Alzheimer.

Na biyu shi ne mutuwa, kuma shi ya fi wuyar gyara. Ba mai yin gigin tsufa sai wanda ya tsufa. Ita e4 tana ƙara kitsen jini da ciwon zuciya, shi ya sa tun 1994 aka lura ta yi ƙaranci cikin Faransawa masu shekara 100. Binciken da ya fara ɗaukar mutane daga shekara 80, masu e4 da zai tarar ragowa ne, waɗanda wani abu ya kare, don haka sai ya ga e4 ba ta da ƙarfi sosai. Ta ɗaya gefen, duk ƙwayar da ke tsare mutum daga bugun zuciya a shekara 60 tana kai shi shekarun da mantuwa ke kamu, sai ta fito a lissafi kamar ita ke jawo mantuwar. Ko a binciken da ke bin mutane ana komawa bayan shekara 2 ko 5, wanda ya rikice ya rasu tsakanin zuwa biyu ba a ƙirga shi. A Nijar wannan rariya ta fi matsewa. Tsawon rai bai wuce shekara 60 da ƴan kai ba, masu 65 zuwa sama kuma ba su kai mutum 3 cikin 100 ba. Tsohuwar da ta kai 80 a Garin Malam ta tsallake ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa bakwai ko takwas a gida da yunwar 1973 da ta El-Buhari a 1984. Abin da ya tace ta daban ne da abin da ya tace tsarar ta a Landan, kuma lissafin "zuwa shekara 85" da waccan ta Landan aka gina shi.

Na uku dabara ce da ta kumbura adadin bincike a ƴan shekarun nan. Rumbun nan na Birtaniya, UK Biobank, ya ɗauki mutum 500,000 tsakanin 2006 da 2010, masu shekara 40 zuwa 69. An gayyaci wajen miliyan 9, kashi 5.5 cikin 100 suka amsa, kuma masu amsawar sun fi sauran jama'a lafiya da ilimi da abin hannu, fiye da kashi 90 cikin 100 kuma Turawa ne. Da yake shekarunsu ba su kai na cutar ba, sai aka tambaye su ko uwa ko uba ya yi "Alzheimer ko ciwon mantuwa". Wanda ya ce e, sai a lissafa shi a madadin mara lafiya, tunda rabin DNA ɗinsa na wancan ne. Babban binciken 2022 da ya fitar da gurbi 75 masu alaƙa da cutar, 42 daga ciki sababbi, ya ƙirga marasa lafiya 111,326, kuma kaso mai tsoka cikinsu irin waɗannan ƴan madadin ne. A 2024 masu bincike a Jami'ar Wiskonsin suka nuna inda dabarar ke zamewa. Iyayen da suka daɗe a duniya su ke kaiwa ga cutar, kuma ƴaƴa masu ilimi su suka fi sanin sunan ciwon iyayensu, su suka fi amsa tambayar. Sakamakon haka sai lissafin ya juye, ƙwayoyin da ke tafiya da yawan karatu suka fito kamar masu ƙara haɗari, akasin abin da binciken marasa lafiya na gaske ya daɗe yana nunawa.

A ƙaddara an kawo wannan tambaya unguwar Zango a Zinder. A tsayar da magidanci a ce masa, "Mahaifinka ya yi ciwon mantuwa?" Wanda ubansa ya rasu yana ɗan 58 zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Wanda nasa ya kai 85 yana kiran jikoki da sunan matattu zai ce, "Ai tsufa ne, Allah ya jiƙansa," don ba a tona wa uba asiri gaban baƙo. Sai ɗan boko da ya taɓa kai nasa asibiti Yamai ko Kano ne zai ce e. Abin da takardar za ta auna a ƙarshe boko ne da kuɗin mota.

Gwajin ƙwaƙwalwar da ake raba masu lafiya da marasa lafiya da shi ma haka. Wanda ya fi yaɗuwa tun 1975 maki 30 ne, ƙasa da 24 a fara zargi. Ana tambayar kwanan wata da shekara, a ce a riƙa cire 7 daga 100, a rubuta jimla, a kwafi zanen kusurwa biyar guda biyu. A zaunar da malamin zaure ɗan shekara 78 kan buzunsa, wanda ya haddace izu sittin, ya san yau nawa ga watan Rajab, ya san bashin kowa a unguwa. Ba ya bin watan nasara, maki sun tafi. Kuɗi da dala yake ƙirgawa, abin da mai tambaya ke kira 100 shi dala ashirin ya sani, sai ya tsaya yana neman wace ɗarin ake nufi. Hannunsa ya saba da alƙalamin kara daga dama zuwa hagu, an miƙa masa biro. Ga yanar ido, ga kunnen hagu ya yi nauyi. Zai iya fita da maki 19 ƙwaƙwalwarsa garau. Idan irinsa suka cika jerin marasa lafiya, duk DNA ɗin da aka gwama ya tashi a banza. Masu aikin Ibadan sun ga wannan tun da wuri, suka yi amfani da tambayoyin da ke haɗawa da jin ta bakin wanda ke zaune da tsohon, suka kuma maye zane da jera tsinken ashana. Shekaru ma abin lura ne. Katin ɗan ƙasa na tsofaffi da yawa cewa yake an haife shi "wajen" 1945, ko a liƙa masa 1 ga Janairu. Bayan 65 haɗarin cutar kan ninka duk shekara 5, don haka kuskuren shekara 5 a kati ya kai nauyin ƙwayar gado guda, ko ya fi.

Akwai hidima ta biyu da ke bin bayan kwalbar, kuma ita muka fi jan kunne a kai. Kamfanin na barin mai saye ya sauke ɗanyen sakamakonsa, wasu shafuka kuma na karɓarsa da ƴan daloli su haɗa gurbi da yawa su fitar da maki guda na haɗarin Alzheimer. Makin daga binciken da muka zayyana yake fitowa, da duk karkatarsa. Yawancin gurbin nan ba su ne sanadi ba, alamu ne da ke tafiya tare da sanadin cikin Turawa. DNA ɗin ƴan Afirka ya fi tsufa, ya fi gutsuttsurewa, sai alamar ta rabu da abin da take nunawa. Wani nazari na 2019 ya tarar ingancin irin wannan maki ga masu asalin Afirka ya ragu fiye da ninki huɗu. A gefe guda, ƙwayar ABCA7, wadda binciken 2013 kan baƙaƙen Amurka kusan 5,900 ya nuna tana ƙara haɗari sau 1.8, tasirinta cikin Turawa ƙanƙani ne, don haka makin da aka auna da Turawa ba ya ba ta nauyinta. Ɗanyen sakamakon kansa ba abin dogaro ba ne kan sauye-sauyen da ba a cika samu ba: wani labo a Amurka ya sake gwada irinsu a 2018 ya tarar kashi 40 cikin 100 ƙararrawar ƙarya ce. Waɗannan shafuka ba mu ga abin da za su ƙara wa mutumin Zinder ba sai rashin barci.

Ana aikin cike gibin. Likitocin Ibadan da na Mayami na jagorantar tattara DNA na ƴan Afirka 5,000 daga ƙasashe da dama. Duk ranar da irin wannan aiki ya iso Damagaram, abin da za a tsare shi ne kada a ɗebo marasa lafiya daga Babban Asibitin Zinder a ɗebo masu lafiya daga ƙauyukan Mirya ko Magarya, don bambancin da zai fito na asali ne da na zaman birni. Auren zumunci ma sai an lissafa shi, tunda mutum goma daga zuri'a ɗaya ba shaidu goma ba ne.

Maganar sirri gajera ce amma ba ƙarama ba. A 2023 ɓarayin intanet sun kwashe bayanan mutum miliyan 6.9 daga kamfanin. A watan Maris na 2025 ya shigar da takardar karyewa a kotu, a watan Yuli kuma wata cibiya ta Anne Wojcicki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ta saye shi kan dala miliyan 305. DNA ɗin uba ba nasa ne shi kaɗai ba. Idan ya fito da e4 biyu, kowane ɗa nasa na da aƙalla ɗaya, ko ya so ya sani ko bai so ba, kuma a garin da ake binciken asali kafin aure irin wannan magana ba ta zama a ɗaki. Sannan tsohon da ya riga ya ruɗe ba zai iya ba da yardarsa ba. Cewa "Baba, tofa nan" ba neman izini ba ne.

Akwai inda sanin APOE ke sauya magani a yau. Allurar lecanemab ta cutar Alzheimer, wadda Amurka ta ba ta cikakkiyar amincewa a Yulin 2023, ta fi jawo kumburi da ɗigon jini a ƙwaƙwalwar masu e4 biyu, don haka ake gwadawa kafin a fara. Ƙarin ruwa ne duk mako biyu da farko, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI a kai a kai, kan dala 26,500 a shekara a farashin 2023, kuma likitan da zai ba da ita a labon asibiti zai nemi gwajin.

Hukuncinmu: kwalbar ta yi kyau, karatun harafin ya yi kyau, rahoton Alzheimer kuwa bai cancanci jika 100 na mutumin Zinder ba. Kuɗin nan zai fi amfani a wajen likita. A auna hawan jini da sukari, a duba jini da bitamin B12 da maƙoƙo, a tsayar da tambaya kan magungunan da tsohon ke sha har da na kasuwa da na gargajiya, a duba ji da gani. Ruɗewar da ta zo cikin kwana biyu ko uku sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki. Wadda ta biyo bayan faɗuwa daga babur ko a banɗaki da makonni, ana neman hoton kai don jini kan taru a hankali ƙarƙashin ƙoƙo, kuma ana iya cire shi. Wadda ke sauka mataki-mataki bayan shanyewar ɓarin jiki ta jijiyoyin jini ce, maganin hawan jini ne ke rage mata gudu. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, masu alaƙa da wajen kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya, cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, nauyin kunne, raunin gani, taba, buguwar kai da kaɗaici.

Wanda ya riga ya yi gwajin, rahoton a kulle yake zuwa, sai mutum ya danna da kansa ya ce yana son gani, kuma yana da damar barinsa a kulle. In ya buɗe ya ga babu e4, ba takardar sallama ba ce, don ko cikin Turawa masu cutar fiye da ɗaya cikin uku ba su da ita. In ya ga ɗaya, shaidar Ibadan ba ta nuna ƙarin haɗari ba. In ya ga biyu, haɗarin ya ƙaru amma ba a san shi da 51 ko 60 a wannan yanki ba, abin yi kuma shi ne matsa wa hawan jini da kitsen jini lamba tun da sauran ƙarfi. Mai son janye bayanansa zai shiga saitin asusun ya janye yardar bincike, ya nemi a zubar da yawun da aka ajiye, sannan ya nemi a goge asusun ya tabbatar ta saƙon imel da za a turo. Abin da aka riga aka yi bincike da shi kafin janyewar ba ya dawowa.